Kazar da Na Hana a Yanka

Ƙwaryar tsaki na kaɗa, kamar yadda nake yi kullum da hantsi, amma babu kazar da ta rugo. Na sake kaɗawa, na yi musu kiran da suka sani. Biyu suka taho a hankali kamar masu jin nauyin ƙafafunsu. Sauran suna jikin katanga, a inuwa, fukafukai a sake. Wata baƙa ta surukata Inna tana tsaye da ido a rufe, zankonta ya koɗe, kashin da ke ƙarƙashinta kuma ruwa ne tsululu mai launin ɗorawa. Ina tsaye da ƙwarya a hannu sai na ji ɗan da ke cikina ya motsa.

Ran huɗu ga azumi ne, azumin bara waccan, cikina yana wata bakwai. Bana ma ga azumi ya sake faɗowa cikin zafi, hadari yana haɗuwa yana watsewa kamar wancan karon, shi ya sa abin ya dawo mini sabo. Har yau in na fito da safe na ji tsakar gida shiru, sai na leƙa akurki kafin in yi komai.

Dole in faɗi abin da ya sa shirun kaji yake ba ni tsoro haka. Aure ne ya kawo ni Gummi, amma ni haifaffiyar wani ƙauye ce a ƙasar Anka. Ina shekara goma sha uku aka yi shekarar dalma. Lokacin maza suna kawo duwatsun zinariya cikin gida, mata suna daka su a turmi, ƙurar tana sauka a kan komai, har kan tuwo. Ba mu san akwai guba a cikinta ba. Agwagi ne suka fara mutuwa, sannan kaji. Muka ce ciwon bazara ne. Bayan kaji sai yara. Ƙanwata Balki, mai shekara uku, ta fara da ciwon ciki da amai, ta koma sanƙarewa, ta rasu a bayan mahaifiyarmu a kan hanyar asibiti. Daga baya masu gwaji suka zo suka kankare ƙasar gidajenmu suka zuba sabuwa. A bakinsu na ji cewa dalma tana ratsa jikin mai ciki ta isa ga ɗan da ke ciki. Na riƙe wannan maganar, ban taɓa sakinta ba.

Don haka da na ga kajin nan, ba ciwon kaji na gani ba. Kai tsaye na wuce ɗakin ajiya na juye buhun dusa a kan tabarma. Buhun nan Yaya Garba ne ya bar mana shi, wan maigidana, wanda yake aikin zinariya a wajen Bukkuyum. Ya zo da kayansa a ciki watanni biyu da suka wuce, ni kuma na ga buhu mai ƙwari na kakkaɓe na zuba dusa. Na juya cikinsa waje, na bi ɗinkin da farce. Wata ƙura mai laushi, ja-ja, ta fito a kan yatsana. Kullum da hannun nan nake ɗibar dusa, da shi nake damun fura.

Surukata Inna Kulu ta same ni zaune a ƙasa ina kallon yatsana.

“Ke Luba, mi yas same ki? Naƙuda ta?”

Na nuna mata. Ta duba, ta hure ƙurar daga hannuna kamar ba komai ba.

“Ƙasa ta, ɗiyata. Wane buhu na babu ƙasa? Ciwon kaji na, duk bazara shina zuwa. Tashi ki jiƙa musu maɗaci.”

Muka yi abin da aka saba. Muka jiƙa ɓawon maɗaci da barkono a kasko. Na ɓare kafson nan mai ja da ruwan ɗorawa, wanda ake sayarwa a kowane teburi, na zazzaga a ruwansu. Shekara biyu ina ba su shi duk sanda na ga wata ta yi sanyi, kuma da yana yi. A wannan karon ko gezau. Washegari baƙar kazar ta kwanta. Inna ta leƙa ta ce wa maigidana Sanusi, wanda take kira Auta, “Ɗauko wuƙa, wagga ba ta kai la’asar.”

Haka ake yi a gidanmu da kowane gida da na sani. Ba a barin dabba ta mutu da kanta ta zama mushe. Da an ga ta sunkuyar da kai, sai a yi bisimilla a yanka, ko ba komai a ci nama. Kuma shekarar ba ta wasa ba ce. Ruwan farko ya sauka, kowa ya ruga ya yi shuka, sai sama ta ɗauke. Kwana goma sha wani abu babu ko ɗigo. Geron da ya tsiro ya ƙone a tsaye, rumbu ya kai ƙasa, Sanusi yana dawowa daga gona leɓɓansa a tsage, ba ya ko iya amsa sannu sai ya zuba ruwa a ka. Da azahar ƙasar tsakar gida ba ta takuwa babu takalmi. Kunun buɗa baki kullum ƙara tsinkewa yake. A cikin wannan hali sai ga mu muna cin kaza kusan kowace rana. Maƙwabta suna jin ƙamshi suna tsokanar Inna, wai ko Auta ya tono zinariya ne a fadama. Inna tana dariya tana aika musu da romo.

Ni ce mai figa, ni ce mai gyarawa. Hantar kowace na buɗe sai in gan ta ta kumbura, ta yi wani kore-kore. In aka zuba mini nama sai in tura wa Sanusi, in ce ƙamshin ne ba na so. Amma na riga na ci na kwana biyun farko. Kaji goma sha tara muke da su, nawa masu jan ƙyalle a ƙafa, na Inna masu shuɗi. Kafin goma ga azumi saura goma sha ɗaya.

Ran sha ɗaya na tashi da ciwon ciki da amai da zazzaɓi. Da ciwon ciki da amai Balki ta fara. Ban gaya wa kowa abin da nake tunani ba, sai dai duk bayan ɗan lokaci in miƙe yatsuna in gani ko sun fara sanƙarewa. Sanusi ya ɗauke ni a babur, a hankali, zuwa wajen awo. Malama Saratu, ma’aikaciyar da take duba masu ciki, ta gwada jinina ta ce zazzaɓin sauro ne, ga zafi ga azumi. Ta ba ni magani, ta ce in ajiye azumin in rama daga baya. Sai na fashe da kuka na gaya mata zancen buhu da na Balki. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce ba su da abin gwada dalma a nan, sai Anka, ni kuma ba zan iya wannan tafiyar a haka ba, ga hanyar ma ba kowane lokaci ake binta ba. Ta ɗebi jini a ’yar kwalba ta ce za ta ba motar asibiti in za ta tafi, sakamako kuma za a bugo mata.

“Yaushe?” na tambaye ta.

“Ba ni yi miki ƙarya, Luba. Zai iya kai sati biyu. Ki ƙone buhun, ki wanke ɗakin da ruwa, kada ki share da tsintsiya.”

Ita ce kuma ta ce akwai wata ’yar ƙanwarta, likitar dabbobi da ke ƙarin karatu a Sakkwato, ta zo gida kwana biyu tana bin gidajen da kaji ke mutuwa.

Dakta Hajara ta zo da yamma, doguwa siririya, da kular ƙanƙara a hannu da takalmin roba. Inna ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, “Yanzu har kaji sunka samu likita, mu mutane muna layi?” Ta yi dariya ta durƙusa ta gaishe ta. Ta sa safar hannu ta buɗe kazar da aka yanka ranar, ta daɗe tana kallon hantar, ta yanki kaɗan ta sa a kwalba. Ta tambaye ni abin da nake ba su. Da na nuna mata kafson sai ta girgiza kai. Ta ce tana zaton ƙwayar cuta ce irin mai kama hanjin kaji da hantarsu, kuma ƙwayoyin sun saba da kafson nan saboda yawan ba su da ake yi, yanzu ba ya kashe su. Ta ce mu daina cin naman. Sannan ta yi abin da ya sa Inna ta riƙe baki: ta fita bayan gida, inda ruwan wanke-wanke da na akurki ke taruwa, ta cika kwalba biyu da baƙin ruwan nan.

Na bi ta har zaure na ce, “Dakta, ba dalma ba ce?”

Ta tsaya ta dube ni, ta dubi cikina. Ta ce, “Hantar ba ta yi mini kama da dalma ba. Amma ido ba gwaji ba ne. Ki ba ni kwana bakwai.”

Kwana tara ta yi. A cikinsu kaji huɗu suka tafi. Inna ta ce ita ba ta ga dalilin binne nama ba, tun tana yarinya take cin irinsa ga ta nan da ranta, don haka aka ci gaba da yankawa, ita da Sanusi suna ci, ni ina kallo. Hadari yakan taso daga gabas da la’asar, baƙi ƙirin, iska ta kwashe shanya, mu fito da bokitai, sai ya wuce Gummi ya je ya zuba wa wasu. Kullum sai na aika a tambayi Malama Saratu. Motar ba ta tafi ba. Motar ta tafi. Ba a bugo ba tukuna.

Ran ashirin ga azumi Dakta Hajara ta dawo. Ta fito da wayarta ta nuna mana hoton wani ɗan faranti na gilashi. Samansa ya yi fari-fari kamar an shafa koko, amma ko’ina akwai ƙananan ramuka garau, kamar tabarmar da gara ta ci. Ta ce farin nan ƙwayar cutar da ta fitar daga hantar kazarmu ce ta shuka ta tsiro. Ramukan kuma inda wasu halittu ne, da suka fi ƙwayar cutar ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suka shiga cikinta suka hayayyafa suka fasa ta. Ba sa taɓa kaza, ba sa taɓa mutum, kowane iri da ƙwayar cutar da yake ci. A ƙazamin ruwa ake samunsu, domin a nan abincinsu yake. Sunansu bakteriyofej. Na sa ta rubuta mini a bayan katin awona. A makarantar sakandare an koya mana ƙwayoyin cuta, amma babu wanda ya taɓa gaya mana su ma suna da nasu ciwon.

Inna ta ce, “To, ashe kowa da ubangidanai.”

Dakta ta buɗe kula ta fito da kwalba mai ruwa garau. Ta ce halittun nan ne a ciki, daga ruwan bayan gidanmu, an tace, babu ƙazanta. Ta ce gwaji ne take yi, ba ta yi mana alkawari ba. Tana so a raba kajin bakwai gida biyu, a ba wasu a bar wasu, don a ga bambanci.

Inna ta ce, “Cikin watan azumi, a ba wasu magani a hana wasu suna kallo? Ba cikin gidan ga ba. Kuma na sani, masu shuɗin ƙyalle za ku hana.”

Dakta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Shi ke nan Inna, kin ɓata mini gwaji. A ba su duka.”

Ta kafa sharuɗɗa. Kwalbar ta zauna cikin sanyi, don zafi yana kashe su. Murfi ɗaya a kaskon ruwa safe da yamma. Babu maɗaci, babu toka, babu kafso. Sannan ta dubi Sanusi ta ce, “Babu wuƙa, kwana biyar. Wadda za ta mutu a bar ta ta mutu a binne. In ana yanka duk wadda ta kwanta, ba za mu taɓa sanin ko za ta tashi ba.”

Da za ta tafi na sake binta zaure. Tunanin da ya zo mini tun ina kallon hoton nan na gaya mata. Na ce dalma ba ta da rai, babu abin da zai cinye ta. In abubuwan nan suka warkar da kajin, ke nan ba dalma ke kashe su ba. Ta ce haka ne, a wajen kaji. “Amma ke, jininki ne zai faɗi naki, ba kaza ba. Kada ki haɗa.” Na ce to. Amma na riga na haɗa. Ba ni da wani abin riƙewa.

Wutar lantarki ba ta zuwa sai ta ga dama, ƙanƙara kuma cikin azumi kafin ka isa an sayar. Na ce a sa kwalbar cikin randa. Inna ta ce abin da aka samo a kwata ba zai shiga randar da take buɗa baki da ita ba, ko an tace shi sau dubu. Sai na samo ƙaramin tulu na binne rabinsa cikin yashi a bayan ɗaki, na cika da ruwa, na sa kwalbar, na rufa jiƙaƙƙen buhun gero a kai. Duk sanda yashin ya fara bushewa sai in ƙara ruwa. Ni da Inna muka kwashe kashin akurki muka ƙone, muka wanke kasake. Tana mita tana yi, amma ta yi.

Rana ta farko, babu canji. Rana ta biyu da safe muka tarar da ɗaya ta Inna ta mutu. Sanusi ya haƙa rami ya binne. Ranar Inna ba ta amsa sannuna da kyau ba.

Rana ta uku da azahar kazata wake-wake ta kwanta. Ita ce ta farko da na saya da na zo gidan, uwar yawancin sauran. Ta kife a jikin turmi, baki a buɗe, ido a rufe. Sanusi ya shigo daga gona ke nan. Inna ta ce, “Auta, wuƙa.”

Na ce, “Inna, Dakta ta ce kwana biyar.”

“Dakta tana Sakkwato. Jiya munka binne guda, yau ma mu binne? Cikin wanga hali? Wagga kaza tana da tsoka. Alhaki na, Luba.”

Sanusi ya ɗauko wuƙar. Ban san sanda na isa wurin ba. Na zauna a ƙasa mai zafin nan da cikina, na sa kazar a cinyata na rufe ta da gyale. Tunda na zo gidan ban taɓa musa wa Inna ba, ko da ido. Na ce, “Tawa ta. Jan ƙyalle gare ta. In ta mutu ni ta yi wa mushe.”

“Kan kaza za ki yi mini haka?”

“Ba kan kaza ba na, Inna. In anka yanka ta ban san ko mi ke jikina ba. Haka Balki ta yi. Kaji sunka fara.”

Ban taɓa kiran sunan Balki a gabanta ba sai ranar. Sanusi yana tsaye da wuƙa, yana duban uwarsa yana dubana. Inna ta dube ni, sannan ta ce, “Mai da wuƙar, Auta.” Ta shiga ɗaki. Can sai ga ta da tabarma da mafici. Ta ce, “In za ki zauna, ki zauna inuwa. Ba ni son a ce kaza ta kashe mini jika.”

Na koma ƙarƙashin rumfa. Ina tsoma yatsa cikin ruwan maganin ina ɗiga mata a gefen baki. Wani ya shiga, wani ya zube. Jikinta zafi kamar an ɗauko ta daga murhu, ƙirjinta yana bugawa a tafin hannuna, ɗan cikina yana bugawa ta ɗaya gefen. Inna tana gefe tana jan carbi, lokaci-lokaci ta miƙo mafici ta yi wa kazar fifita, in na dube ta sai ta mayar kan fuskarta. Har aka kira magariba kazar ba ta mutu ba, ba ta kuma tashi ba.

Da asuba na fito na tarar ta matsa daga inda na ajiye ta. Tana bakin kasko, ta tsoma baki, ta ɗaga kai sama tana haɗiya. Da hantsi na kaɗa ƙwarya, ta yi taku uku ta tsinci tsaki biyu ta koma ta kwanta. Inna ta ce, “Ikon Allah. ’Yan kwata sun yi aiki.” Ranar da la’asar aka yi ruwan da aka daɗe ana jira, mai ƙarfi, har ya cika mini tulun bayan ɗaki da laka. Sanusi ya fita sake shuka washegari tun kafin gari ya waye sosai. Cikin shidan da suka rage, ɗaya ta ƙara mutuwa, biyar suka tashi. Da na gaya wa Dakta a waya ta ce ta ji daɗi, amma tunda Inna ta hana a raba su, ba za ta iya rantsuwa cewa maganin ne ba, wataƙila masu ƙarfin ne suka rage. Ta sake cewa in jira jinina.

Na jira. Kajin sun ba ni barci na kwana biyu, daga nan tsoron ya dawo ta wata ƙofa. Kaji sun warke, to, amma ƙurar da na gani a yatsana fa? Wata biyu ina ɗibar dusa.

Ranar jajibirin Sallah da hantsi, ina zaune Inna tana yi mini kitso, wayar Sanusi ta yi ƙara. Ya dawo ɗaukar iri ke nan. Ya duba ya miƙo mini ya ce, “Malama Saratu ta.” Inna ta tallafa mini ita a kunne.

“Luba? An bugo daga Anka. Jininki lafiya lau. Abin da anka gani kaɗan na ƙwarai, bai kai inda ake damuwa ba, ke da ɗanki duka.”

Na ce, “Malama, sake faɗi.”

Ta sake faɗi, a hankali, kamar mai karanta wa yaro allo. Na ce ta gaya wa Inna ma. Inna ta saurara, ta ce alhamdulillahi sau uku, ta ajiye wayar a kan tabarma. Ni kuwa kuka nake yi, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka dawo da gawar Balki. Ba wanda ya hana ni. Wake-wake tana tono a gindin turmi, duk ta rame, jan ƙyallen yana lilo a ƙafarta.

Inna ta goge idonta da bakin zane, ta kama kaina ta gyara mini zama. Ta ce, “To, tunda kowa ya warke, gobe Sallah. Auta, wagga kaza dai...”

Na ɗago kai da sauri.

Ta danna mini shi ƙasa tana dariya. “Wasa nike, uwar kaji. Tsaya in ƙare kitson ga.”